Ɗalha Ba Ya Wuce Mutum a Hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Yau ba zan ja gaisuwa ba, don abin da ke raina ya matsu ya fito. Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Rauda, a garin Kusada nake, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji ukku a wata firamare ta kuɗi da ke bayan kasuwa. Mahaifinmu ya rasu shekara shida ke nan, ya bar ni da ƙanwata Jannat da Innarmu. Maganar aurenmu duk tana hannun wansa, Baffa Sodangi, tsohon hedimasta. Shi Baffa ko suna aka gayyace shi ƙarfe bakwai, bakwai saura biyar yana bakin ƙofa yana duba agogon hannunsa.

To, shi kuma wanda zuciyata ta je ta ɗauko, sunansa Ɗalha.

Ɗan Kankia ne, yana da shagon gyaran injin ban-ruwa da janareto a bakin babban titi. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, kuma ko da me ya wanke hannu sai ka ga ɗan baƙin mai a gefen farcensa. Ba ya ƙarya, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga mani murya ba. Aibinsa ɗaya ne, tunda muke bai taɓa zuwa zance kan lokaci ba. In ya ce huɗu da rabi, sai in yi wanka, in shafa humra, in ɗaura ɗankwali in kwance in sake ɗaurawa, in zauna bakin gado har turaren jikina ya fara gushewa, sannan waya ta yi ƙara.

"Malama, ina hanya. Na samu wani tayarsa ta sace, zan kai ta wajen mai faci in dawo mashi da ita."

Wata rana kuma: "Malama, buhun wata tsohuwa ne ya ɓarke, masara ta watse bisa titi. Muna kwashewa."

Akwai ranar da akuyar wasu mutane ce ta faɗa tsohuwar rijiya, shi ya shiga da igiya. Ya iso gidanmu wandonsa jiƙe har gwiwa, ya zauna nesa da ni a zaure wai kada in ji warin. Tun ranar Jannat ta sa mashi suna Motar Agaji.

Ba zan ɓoye maku ba, ni ma a hanya ya tsince ni. Bara da damina ina dawowa daga biki a Yashe, sarkar mashin ɗin ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ta tsinke, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Mashin ukku suka wuce mu. Na huɗun ne ya tsaya, ya fiddo kayan aiki daga ƙarƙashin kujera, ya haɗa sarkar, sannan ya biyo mu a baya a hankali har cikin gari don kada ta sake tsinkewa. Bai tambayi sunana ba. Sai bayan mako biyu muka sake haɗuwa, ran da aka kira shi gyaran famfon makarantarmu. A lokacin halin nan nasa ne ya burge ni. Ban yi tunanin wata rana ni ce zan zama mai zaman jira ba.

Jannat shekararta goma sha tara, kuma maneminta a shirye yake, manyansa sun zo har sau biyu. Baffa ya ce ba zai tsallake babba ya aurar da ƙarama ba sai ya ji inda na dosa. Ba wanda ya matsa mani da baki, amma kullum in Jannat ta gama waya da saurayinta ta shigo ɗaki ta yi shiru, sai in ji kamar ni ce na tare mata ƙofa. Ita kuwa Inna, da yake ni ce ɗiyar fari ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce, "Ke, damina fa ta kusa ƙarewa," ta ci gaba da tankaɗe.

Daga ƙarshe Baffa ya ba da rana. Ya ce in gaya wa Ɗalha ya zo su gana a zauren gidanmu ranar Asabar, ƙarfe biyu da rabi.

Ranar tun safe muka share zaure, muka yayyafa ruwa, muka shimfiɗa sabuwar tabarma da darduma bisa. Inna ta dama kunun aya, ta sa Jannat sayo ƙanƙara. Ni na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen fulawa ƙanana, riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, ko da yake na san ba ni za a gani ba. Sha biyu Ɗalha ya turo mani hoton farar shadda a goge bisa gado, da hula ruwan toka a gefe.

"Ta yi?"

"Ta yi. Don Allah yau kada ka kalli dama ko hagu."

"In sha Allahu."

Biyu saura ashirin ya rubuto, "Na baro Kankia." Na yi hamdala, don tafiyar ba ta kai ta minti hamsin ba ko da a hankali.

Baffa ya iso biyu da minti ashirin da biyar. Biyu da rabi ta yi. Ukku ta yi. Na kira sau tara, tana shiga ba a ɗauka. Ƙanƙarar cikin kunu ta narke. Ina leƙe ta labulen ɗakin Inna ina hango ƙafafun Baffa a miƙe, yana kaɗa babban yatsa. Da aka kira la'asar ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya sa aka kira ni.

"Raudatu," ya ce, ba tare da faɗa ba, "ni ban san yaron nan ba, ba kuma zan ce mashi mugu ba. Amma wanda aka ba shi awa ɗaya ya kasa riƙewa, ina tsoron in ba shi mutum ya riƙe."

Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Biyar saura Ɗalha ya yi sallama. Farar shaddar nan duk jini da jar ƙasa daga kafaɗa har ƙirji, ba hula a kansa. Wai wani dattijo ne mai keke ɗauke da damin itace ya kauce wa mota ya faɗa kwalbati, kansa ya fashe. Mutane sun taru suna kallo ba wanda ya san shi. Shi ne ya ɗora shi bisa mashin, wani ya riƙe shi ta baya, suka koma da shi asibiti a Kankia, ya zauna har aka gano 'ya'yansa. Wayar kuma tana cikin akwatin mashin.

Na saurare shi har ya gama. Na ce, "Allah ya ba da lada." Na juya na shige gida.

Kwana huɗu ban amsa saƙonsa ba. Shi kuma bai cika ni da magiya ba, kullum da safe layi ɗaya: "Malama, ina kwana. Ina neman afuwa." Ina karantawa in kife wayar. Ku fahimce ni, ban ce ya bar dattijo a kwalbati ba. Abin da ke cina shi ne, in aka yi auren, haka zan ƙare? In dafa abinci ya huce, in yi naƙuda yana can yana tura motar wani?

Ranar Talata Inna ta ce, "Ke, Baffanku ya aiko. Gobe bayan la'asar zai zo ya ji matsayarki. In yaron ne, ki faɗa. In ba shi ba ne, ki faɗa, a sallami mutanen ƙanwarki su san abin yi."

Na kwana na tashi ban da amsa.

Laraba muka tashi makaranta ƙarfe ɗaya. Maganin hawan jinin Inna ya ƙare, kuma irin nata ba a samu a kemis ɗin garinmu ba, don haka daga makaranta na hau mota zuwa Kankia, da niyyar kafin ukku ina gida. Hijabi ruwan toka ne jikina har gwiwa, da jakar makaranta mai littattafan yara da zanin da nake shimfiɗawa in yi salla. Na sayi magani, na bi ta ɗaya gefen titi don kada in gifta ta gaban shagon Ɗalha.

Daidai inda motocin Kano ke sauke fasinja na gan ta. Mace ce da ba za ta girme ni sosai ba, zaune bisa wata jakar buhu a cikin rana, da yarinya kwance bisa cinyarta. Gaban hijabinta duk ya ɓaci, tana ta goge yarinyar da ɗankwali, ɗankwalin ma ya riga ya jiƙe. Masu talla suna kewaye ta suna toshe hanci. Ba kuka take ba, ta dai zuba ido bisa titi kamar mai jiran wani, amma da ka gan ta ka san ba wanda zai zo.

Na wuce ta. Gaskiya zan gaya maku, na wuce ta har na kai wajen motar Kusada, har kwandasta ya ce saura mutum biyu. Na sa ƙafa ɗaya cikin mota. Sai na tuna yadda hannun yarinyar ke lilo ƙasa, ba ta ko ɗaga shi. Na ce a raina bari in tambaya kawai, minti biyu.

"Baiwar Allah, sannu. Lafiya?"

Ta ɗago. "Yarinyar ce. Tun Bichi take amai da zawo. 'Yan mota suka yi ta magana, na ce direba ya tsaya in wanke ta, ya ce in na sauka ba zai iya jira ba. Na sauka."

"Ina za ki?"

"Jibiya, wajen mahaifiyata. Ban san kowa ba a garin nan. Wayata ma ta mutu."

Sunanta Zuliha, yarinyar kuma Ummi, shekararta biyu ba ta cika ba. Na taɓa goshin yarinyar, da zafi, leɓenta a bushe, idanunta sun faɗa. Na ɗauki jakar buhun na ce ta taso. Mai shayin da ke gefe, wanda tun ɗazu yake kallonmu, ya miƙo hannu ya ce a kawo wayar ya sa a caji. Muka shiga lungun farko, na yi sallama a gidan farko da na ga ƙofarsa buɗe.

Wata tsohuwa muka tarar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ban gama bayani ba ta ture tiren gefe.

"Ku shigo, ɗiyata. Ga bayi can, ga ruwa a randa. Bari in ɗora na ɗumi, kada a sa mata mai sanyi."

Ba ta tambayi daga ina muke ba. Ta kawo sabulu da baho, muka wanke Ummi, na naɗe ta a zanin sallata. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wani hijabi ruwan ƙasa da ya sha wanki ta ba Zuliha, ta ce ta bar nata a jiƙa. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari a kofi, muka riƙa ba yarinyar da cokali. Cokali huɗu ta sha, na biyar ta dawo da shi duka, kanta ya langaɓe bisa kafaɗar uwar.

Tsohuwar ta dube ni. "Wannan ta asibiti ce. Kada ku tsaya."

Na fito bakin lungu ina neman ɗan acaɓa. Biyu suka tsaya, da suka ji mara lafiya ce mai zawo, kowa ya ce yana da fasinja a gaba. Na tsaya riƙe da waya. Lamba ɗaya na sani a garin nan da ba za a ce mani a'a ba. Na daɗe ina kallon sunan kafin in danna.

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Malama."

"Ba maganarmu na kira ba. Ina lungun bayan mai shayi, inda motocin Kano ke tsayawa. Akwai yarinya ba lafiya."

"Gani nan."

Na duba agogon wayar da ya kashe, na kuma duba da na ji ƙarar mashin ɗinsa. Minti shida. Da kayan aiki jikinsa, hannu duk baƙin mai, ya taho da wani mai Keke mai ƙafa ukku a bayansa. Masu karatu, na ji daɗin ganinsa, amma abin ya tsaya mani a rai. Minti shida. Wata goma sha ɗaya muna tare ban taɓa samun wannan ba.

Muka shiga Keke ni da Zuliha, shi ya karɓo wayarta wajen mai shayi ya bi mu a baya. A asibiti ya san ƙofar da za a bi da tagar da ake yankar kati, ma'aikatan ma suna ganinsa wata ta ce, "Malam Ɗalha, yau kuma wa ka kawo mana?" Aka duba Ummi, aka ce ruwan jikinta ne ya ƙare, aka sa mata ƙarin ruwa. Sai da aka nemi jijiya sau ukku. Ni na riƙe ƙafafunta, don Zuliha ta kasa kallo, ta juya fuska bango tana karanto addu'a. Da wayar ta kawo wuta ta kira wanta a Katsina, ya ce ga shi nan tafe.

Da yarinyar ta yi barci na fito waje in sha iska. Yana zaune bisa benci ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, yana goge hannu da tsumma. Ya matsa can ƙarshe ya bar mani wuri. Na zauna.

"Minti shida," na ce.

"Na'am?"

"Minti shida ka yi ka iso. Ni sai na faɗi a bakin titi kafin ka zo mani da wuri?"

Ya daina goge hannun.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Ke ina ganin kina gida, kina cikin 'yan uwanki, ba abin da zai same ki. Sai in ce za ki yi haƙuri. Kullum ke nake ɗora wa haƙurin, ban taɓa tambayarki ba ko kina da shi."

Ban zaci zai amsa haka ba. Na shirya faɗa, sai na rasa inda zan sa shi.

"Ranar Asabar," ya ci gaba, "da muka iso nan na tuna da wayar. Na fito zan ɗauko, na ga ukku ta wuce, kunya ta kama ni. Na ce me zan ce wa dattijo kamar Baffa a waya? Gara in je da ƙafata. Wannan wauta ce, kuma tawa ce."

"To yanzu me zai canza?"

"In na ce maki zan daina tsayawa, ƙarya na yi. Na sha gwadawa, Malama. In na wuce mutum, ina ganinsa har cikin salla. Abin da zan iya, in riƙa fitowa da wuri, in kuma kira ki tun kafin in sauka bisa mashin. In kin ce abin da ke gabanki ya fi, in nemi wanda zan damƙa wa mutumin in taho. Wannan zan iya."

"In na ce kuma ka bar shi kawai ka taho?"

Ya ɗan yi murmushi, bai dube ni ba. "Ke da kika sa ƙafa a mota kika sauko?"

Ashe mai shayi ya ba shi labari. Na buɗe baki zan ce wannan daban, sai ya nuna jakata da haɓa.

"Tun ɗazu wayarki ke haske."

Na fiddo ta. Tun a aji na sa ta shiru, ban mayar da ƙararta ba. Kira bakwai daga Jannat, da saƙo: "Yaya Rauda kina ina? Baffa ya zo tun huɗu saura." Na dubi lokaci, biyar saura kwata. Wallahi tunda na ɗauki jakar buhun nan ban sake tuna Baffa ba, ban tuna Inna da maganinta ba. Na saci kallon Ɗalha ina jiran ya yi dariya ko ya ce kin gani. Bai yi ba, sai ya miƙe ya ce, "Taso in sa a kai ki tasha. Ni zan zauna da su."

Na koma ciki in yi wa Zuliha sallama. Na same ta riƙe da hannun Ummi mai allurar, don yarinyar na motsi tana neman fizgewa. Ta ɗago ta ce, "'Yar uwa, ko azahar ban yi ba. Ki riƙe mani ita in yi salla, in ba za ki makara ba."

Ɗakin mata ne, Ɗalha ba zai shiga ya zauna ba. Na ajiye jakata na karɓi hannun.

Da ɗaya hannun na kira Jannat na gaya mata komai a gurguje, na ce ta ba Baffa haƙuri. Ta rage murya ta ce, "Yaya, ya ce zai jira. Tunda nake ban taɓa jin Baffa ya ce zai jira mutum ba. Ni tsoro ma nake ji."

Zuliha ta yi azahar da la'asar. Kafin ta sallame Ummi ta buɗe ido ta ce ruwa, ta sha ta riƙe, ta kama nono. Biyar da rabi wan Zuliha ya iso, ya yi ta godiya har na ji nauyi. Zuliha ta ce zanina fa, na ce ta bar wa Ummi. Ta karɓi lambata, ta riƙe hannuna muka yi sallama. Hijabi kuwa, Ɗalha ya ce zai karɓo na Zuliha wajen tsohuwar in ya bushe ya kawo mata, ya mayar da na aron.

Ana gab da kiran magariba na shiga gida. Baffa yana tsakar gida bisa kujerar roba, Inna na bakin ƙofar ɗakinta, Jannat ta laɓe a madafa. Na durƙusa na gaishe shi, hijabina da tabon ruwan gishiri, ina warin asibiti.

"Raudatu, matar nan kin san ta?"

"A'a, Baffa."

"Sunan mijinta?"

"Ban tambaya ba."

"Ɗiyar fa?"

"Ta farfaɗo. Har ta sha nono."

"Alhamdu lillahi." Ya gyara zama. "Kin san ina jiranki?"

"Na manta, Baffa. Sai biyar saura na tuna."

"Da kika tuna fa?"

Na sunkuyar da kai. "Na zauna."

Ban san ko fushi yake ba, fuskar Baffa ba ta nuna komai.

"Shi yaron yana can?"

"Shi ya kai mu asibitin."

"To matsayarki fa? Abin da ya kawo ni ke nan."

Amsar da na kwana ina nema ban samu ba, sai ga ta ta fito da kanta. "Shi ne, Baffa. In ka yarda."

Inna ta ja numfashi. Baffa ya tashi, ya ɗauki butar da Jannat ta ajiye mashi.

"Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba. Ranar Asabar akwai ɗaurin aure a Kunduru ƙarfe goma, ni ne waliyyin amarya, ɗiyar abokina ce marigayi. Ki ce ya zo ya ɗauke ni bisa mashin ɗinsa. Ƙarfe tara daidai za mu tashi daga ƙofar gidana. Kada ya zo mani takwas ya ce mu fita da wuri, tara na ce."

"Baffa, tafiyar ai ta kusa awa ɗaya."

"Na sani. Na fi ki sanin hanyar."

Ya fita alwala.

Bayan mun yi salla muka zauna cin tuwo, aka rasa mai ci sosai. Inna ta ce abin a fili yake, Baffa so yake ya ga ko yaron zai iya kame kansa rana ɗaya ya kai dattijo inda jama'a ke jiransa. Jannat ta ce a'a, ita ta ga idon Baffa lokacin da na ce na zauna, so yake ya gani da idonsa ko tsayawar Ɗalha a hanya ta Allah ce ko ta neman suna. Suka yi ta ja. Ni dai na san abu ɗaya, hanyar nan ranar Asabar a cike take da masu zuwa bukukuwa da masu ɗauko amfanin gona, ba a rasa wanda mai ya ƙare wa ko taya ta sace.

Na shiga ɗaki na rubuta wa Ɗalha saƙon Baffa kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Nan take ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Na ji, kuma zan zo tara saura in jira a waje. Amma Malama, in mun samu wani a hanya, me zan yi? Na ce zan riƙa tambayarki. Na fara daga yau."

Na zauna bakin gado. Na rubuta, "Ka wuce, na rana ɗaya ne." Na karanta shi sau ukku. Na tuna Jannat da mutanenta da ke jira, na tuna amaryar Kunduru da ba ta da uba sai Baffa. Na kuma tuna ƙafata ɗaya cikin motar Kusada. Na goge.

Na rubuta, "In na taimako ne na gaske, ka tsaya." Na tura kafin in sake tunani.

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya. "Ke, kin gaya mashi?"

"Na gaya mashi, Inna."

"Kin dai ja mashi kunne ko? Kin ce kada ya kula kowa?"

Na dubi wayar. Ya riga ya karanta, ya amsa da kalma ɗaya, "To."

"Na ja mashi, Inna," na ce.

Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi wa mahaifiyata a kan Ɗalha, ga shi kuma saura kwana ukku Asabar.